Askar Farko da Ƙaramin Jari: Nazarin Wani Lamari

Mutumin da wannan nazari ya shafa ma'aikaci ne da bai cika shekara talatin ba, aikinsa kuma yana so ya fito da fuska a share kusan kullum. Gashin gemunsa mai kauri ne, mai murɗewa. Tun da ya fara aski, rezar nan mai baki uku ko biyar ya sani, wadda ake cire kanta a jefar idan ya dakushe. Abu biyu suka ishe shi: sayen kawunan reza da ba ya ƙarewa, da ƙurajen da ke feso masa a ƙarƙashin haɓa kwana biyu bayan kowane aski. Sai ya yanke shawarar komawa ga aska mai naɗewa, wadda ake gogawa a fata a yi ta amfani da ita shekara da shekaru ba a sake sayen komai ba. Kuɗin da ya iya warewa ba su wuce abin da yake kashewa a kan kawunan reza na 'yan watanni ba.

Niyyarsa ba ta da aibu, lissafinsa ma ba laifi. Abin da ya sa lamarinsa ya cancanci a rubuta shi ne yadda ɗan kuɗin ya tafi, domin kusan duk mai fara wannan harka da ƙaramin jari ta ƙofa ɗaya yake shiga, ta nan kuma yawancinsu suke fita ba su dawo ba.

Abin da ya saya, da abin da ya biyo baya

A intanet ya ga kwali guda da aka haɗa komai a ciki: aska mai ƙota mai sheƙi, fatar guga, dutsen washi, burushi da ɗan kwanon kumfa. Mai tallar ya rubuta cewa askar a shirye take, a buɗe kawai a ɗora a fuska. Ganin kaya biyar a kuɗin da bai kai na aska ɗaya mai suna ba, ya zuba duk abin da ya ware.

Askin farko ya zo da hawaye. Askar tana kama gashi tana ja, ba ta yankewa sai ya danna, in ya danna kuma fata ta yi ja ta fara raɗaɗi. Ya ɗauka rashin iyawa ne, ya koma ya kalli bidiyoyin masu yi, ya sake gwadawa. Da abin ya ƙi, sai zarginsa ya koma kan kaifi. Ya jiƙa dutsen da ya zo a kwalin, ya ɗaga bayan askar daga dutsen yadda ake yi wa wuƙar girki, ya wasa ta iya ƙarfinsa. Daga nan ko gashin hannu ta daina ɗauka. A tsakanin haka ya yi wa fatar gugar tsaga a wurare da dama. Wajen wata guda yana wannan fama kafin ya kawo mini kayan.

"Malam, ko dai hannuna ne bai iya ba? Waɗanda nake kallo, gashin zuba kawai yake yi."

Na ce masa, "Miƙo askar tukuna, ƙanena, kafin a ɗora wa hannu laifi."

Tambayar tasa ita ce cibiyar matsalar. Gwani yana ɗora aska a kunci ya san ko tana da kaifi, don ya san yadda mai kaifi take ji. Mai koyo abu biyu ne a duhu gare shi lokaci guda: bai san ko askarsa na yanka ba, bai san ko hannunsa na daidai ba. Idan aski ya ɓaci, ba shi da hanyar rarrabe wanne ya jawo. Sai ya yi ta gyara abin da ba shi ne ya lalace ba, wani lokaci ma ya lalata wanda ke da sauran lafiya.

Binciken kayan

Aska ba wuƙa ba ce ta fuskar gini. An ƙera ta ne yadda in aka kwantar da ita a kan dutse, baya da baki suna taɓa dutsen tare, kaurin bayan ne zai ba da kusurwar washi. A aska mai kyau faɗin ruwan yakan ninka kaurin bayan kamar sau uku da rabi, abin da ke ba da kusurwa wajen digiri 16 zuwa 17 idan an haɗa gefe biyu. Wuƙar girki ta gida takan kai ninki biyu na haka. Saboda haka da ya ɗaga bayan askar, sai ya yi mata sabon baki mai faɗi a kan na asali, bakin yanka albasa. Wannan ɓarnar tasa ce. Amma da muka duba da kyau, askar ba ta taɓa zama mai aski ba tun daga kwali.

Gwajin da ya nuna haka ba ya cin kuɗi. Ana shafa tawadar maka a gefen bakin duka biyu, a kwantar da askar a kan dutse mai laushi, a tura ta sau biyu ko uku, sannan a duba da gilashin ƙara girma. Inda dutse ya taɓa, tawada ta goge. A tasa askar tawadar ta goge a tsakiya, ta zauna daram a can gindi kusa da ƙota da kuma wajen tsini. Ruwan askar a ɗan karkace yake, kuma kafaɗar da ke gindin tana hawa kan dutse ta ɗage bakin. Da aka juya bakin sama a ƙarƙashin fitila, ana ganin wani siririn layi yana ƙyalli. Baki mai kaifi na gaske ba ya mayar da haske, domin gefe biyu sun haɗu babu fili a tsakaninsu. Layin nan mai ƙyalli shaida ce cewa ba su haɗu ba.

Irin wannan askar tana gyaruwa idan ƙarfen na kirki ne. Sai a goge kafaɗar, a sake kafa baki daga tushe a kan dutse mai lamba 1000 (ƙaruwar lamba, ƙaruwar laushin dutse), a hau zuwa 4000, 8000, a ƙarasa a 12000 ko a kan dutse na halitta mai laushi. Aiki ne na awa guda ko fiye ga wanda ya iya, kuma ladan mai washin zai kai kuɗin askar ko ya wuce. Bayan haka ma babu tabbas, domin wasu asaken masu arha ba a gasa ƙarfensu ya yi taurin da ake so ba. Aska ta gaske taurinta yakan kai wajen 58 zuwa 62 a ma'aunin Rockwell. Wadda ba ta kai ba, za ta ɗauki kaifi a kan dutse, ta zubar da shi kafin a gama kunci ɗaya.

Dutsen da ke kwalin kuwa na wuƙa ne, mai kaushi, babu lamba a jikinsa, tsakiyarsa ma ba a miƙe take ba. Fatar busasshiya ce mai tauri, ga tsagar da ya yi mata. Burushin na zaren roba ne, kuma shi kaɗai ne abin da ya ci kuɗinsa a cikin kayan biyar.

Saura hannunsa. Don a cire shakka, na ba shi aron irin askar nan da ake saka wa rabin reza, wadda kamfanin Dovo ke sayar da tasa da sunan Shavette, na sa masa sabuwar reza, na ce ya aske kunci ɗaya kawai. Gashin ya zube ba ja. Ya ɗan yanke kansa kusa da kunne da kusurwar rezar, kuma yana danna hannu fiye da kima saboda sabon da ya yi da dakusasshiyar aska, amma an samu amsa. Hannun na mai koyo ne, mai gyaruwa. Kaifi ne babu.

Hanyoyin da ke gabansa

Kuɗin farko sun tafi. Abin da zai iya sake haɗawa bai kai na farkon ba. Muka baje hanyoyin.

Sabuwar aska daga gidajen da aka sani, irin Dovo na Solingen a Jamus da aka kafa a 1906, ko Thiers-Issard na garin Thiers a Faransa da ya faro a 1884, ta fi ƙarfin aljihunsa. Ko da yana da kuɗin, masu harkar da yawa sukan ba da sabuwar aska a ɗan taɓa mata baki kafin su fara amfani da ita, don kaifin masana'anta ba kullum yake kai na hannu ba.

Ko ya zauna a kan mai rabin reza. Wannan ita ce mafi arha, ba ta buƙatar fata ko dutse, kuma da ita yawancin shagunan aski ke aiki yanzu saboda kowane mutum da sabuwar rezarsa. Ba na raina ta. Sai dai ba ta da nauyi, bakinta gajere ne, kusurwoyinta ba sa yafiya, kuma shi abin da ya fito nema shi ne ya daina saye ya daina jefarwa.

Ko ya sayi duwatsu ya koyi washi da kansa. Wannan ce ta fi jan hankalinsa, ita kuma na fi hana shi. Duwatsun da za su kai aska ga aski, uku ko huɗu, sun fi askar tsada. Dutsen Beljiyam mai launin rawaya da ake haƙowa a yankin Ardennes, wanda mutum zai iya yin kusan komai da shi kaɗai idan ya ƙware, ba na mai ƙaramin jari ba ne. Amma tsada ba ita ce babbar hujjata ba. Wanda bai taɓa jin aska mai kaifi a fuskarsa ba, da me zai san ya gama washi? Zai ƙara duhu na uku ne a kan biyun da yake ciki.

Hanyar da ta rage ita ce tsohuwar aska da wani wanda ya iya ya riga ya wasa, ya gwada a fuskarsa, sannan ya sayar. Akwai dalilin da ya sa irin waɗannan ke da yawa kuma suke da sauƙi. Tun wajen 1740 da Benjamin Huntsman ya gano narka ƙarfe a tukunyar yumɓu, garin Sheffield na Ingila ya yi ta fitar da asake zuwa duniya, daga baya Solingen ta shigo da ƙwarewar rarake cikin ruwan aska har ya zama siriri. Kowane magidanci a Turai da Amurka ko yana da tasa ko yana zuwa wurin mai ita. Sai King Camp Gillette ya samu takardar mallakar fasahar rezarsa a 1904, sojojin Amurka kuma suka tafi Yaƙin Duniya na Ɗaya da ita a cikin jakunkunansu, suka dawo sun saba. Cikin 'yan shekaru asake suka koma cikin durowa. Waɗannan an ƙera su ne lokacin da aska kayan aiki ce ta yau da kullum, wanda ya yi marar kyau kasuwa ta kore shi. Wadda ba ta da sanannen suna, ƙotarta ta koɗe, jikinta da tabo, masu tara kayan tarihi ba sa kallonta, amma tana aski daidai da wadda suke rububi a kai. Araha ba ta ado, haka ne, shi kuma dama ba ado ya zo saya ba.

Na ba shi abin da zai duba. Faɗi 5/8 na inci, wato kusan milimita 16, ko 6/8, don mai faɗi fiye da haka tana wuyar shiga ƙarƙashin hanci. Kai mai zagaye, domin mai kusurwa tana huda kunne da gefen hanci kafin mutum ya ankara. Baki a miƙe ko mai ɗan tudu a tsakiya. Wadda bakinta ya loɓa ciki a tsakiya, a bar ta. Kada a ga tsaga ko da siririya ce, kada tsatsa ta ci rami a kusa da baki. Tabon da ke can sama kusa da baya ba ya hana komai. A duba bayan kuma: in dutse ya cinye shi ya yi faɗi ba daidai ba, an wahalar da askar. Sai abu ɗaya da mutane ke mantawa: tsohuwar ƙotar roba ta seluloyid idan ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe, alamarta kuwa tsatsa ce a daidai sashen ruwan da ke shiga cikin ƙota. Irin wannan har asaken da ke kusa da ita takan lalata.

Tambaya mafi muhimmanci ga mai sayarwa ba ta wuce ɗaya ba: a kan wane dutse ka ƙarasa ta, kuma ka aske da ita? Mai washi na gaske zai amsa har ya gundure ka. Wanda ya ce "ai tana da kaifi sosai, tana yanka takarda", a wuce shi.

Ya samu wata 'yar Solingen mai 5/8, baƙar ƙota, tabo a jiki. Ita ta cinye fiye da rabin sabon kuɗin. Da ta iso ya wanke ta da sabulu, ya jiƙa ruwan askar na mintuna goma a sifirit mai ƙarfin kashi 70, ya shanya. Wannan ba tsirfa ba ce, ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai. Ba a tafasa aska, ƙota za ta lalace, ba a kuma sa mata bilic, yana cin ƙarfe. Bayan wannan wankin, aska ta mutum ɗaya ce, ba a ara.

Fata

Da ragowar kuɗin ya sayi fatar guga mafi arha da ta kasance fata ta gaske, mai santsi, faɗin inci biyu da rabi. Kowane mai koyo sai ya tsaga fatarsa ta farko, saboda haka sayen mai tsada a wannan matakin zubar da kuɗi ne.

A nan tsohuwar askar kwali ta sami aiki. Na ce kada sabuwar ta taɓa fatar guga sai ya yi kwanaki yana koyo da waccan a kan tsagaggiyar fatar. Ƙa'idar gajera ce, kiyaye ta ne aiki: a ja fata ta miƙe, a kwantar da aska baya da baki duka suna taɓawa, a ja ta bayan yana gaba baki yana biye, ba dannawa. In an kai ƙarshe, a mirgina ta a kan bayanta, bakin ya juya ta sama. Wanda ya juya ta a kan baki, ko ya bar fata ta yi sako-sako ta lanƙwasa, ko ya ɗaga bayan, a sha ɗaya zai nannaɗe kaifin da aka biya kuɗi aka yi. Tunda fatar ba ta kai tsawon bakin ba, ana jan askar a ɗan karkace don duk bakin ya samu rabonsa. Zuwa da dawowa arba'in zuwa sittin kafin kowane aski sun isa. Sauri ba ya ƙara komai, sai tsaga.

Mutane na mamakin yadda gashi ke dakusar da ƙarfe. A 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka saka reza da gashi a ƙarƙashin madubin lantarki, suka ga gashi, wanda ya fi ƙarfen laushi kusan ninki hamsin, yana ɓantare bakin reza idan ya lanƙwasa ya same shi a karkace, musamman a inda ƙarfen ba iri ɗaya yake a ciki ba. Fatar guga tana miƙar da bakin da ya ɗan kwanta, ta share datti da tsatsar da ido ba ya gani, ta goge shi. Ba ta mayar da abin da ya ɓantare. Shi ya sa fata ke jinkirta komawa dutse amma ba ta hana shi.

Askin farko da sabuwar aska na ce ya yi shi ba tare da guga ba, yadda ta fito daga hannun mai washi, don ya ji kaifin a tsantsarsa ya riƙe shi a matsayin ma'auni. Daga ranar, duk lokacin da aski ya canza, yana da abin kwatantawa.

Gaban madubi

Jiƙa gashi shi ne rabin aikin, kuma kyauta ne. Wani awo da aka wallafa a 1976 ya nuna ƙarfin da ake buƙata a yanke jiƙaƙƙen gashin gemu ya yi ƙasa da na busasshe da kusan kashi 65 cikin ɗari, kuma wajen minti biyu gashin ke ɗauka ya sha ruwa. Saboda haka aski bayan wanka, ko bayan an riƙe tsumma mai ɗumi a fuska. Sabulun aski na dunƙule ya saya, wanda ke yin watanni. Kumfar aska tana son ruwa fiye da ta reza, ta zama mai santsi da sheƙi, domin mai koyo yana daɗewa, kumfa mai kauri kuma bushewa take yi a fuska. In ta bushe a sake shafawa. Burushin robar da yake da shi ya wadatar. Akwai na gashin doki, na alade, da na wata dabba dangin dage mai tsada, babu wanda ya zama dole.

Makon farko kunci kawai ya aske da aska, daga saje zuwa muƙamuƙi, ɓangaren hannunsa na dama, ya ƙarasa sauran da reza. Sannan ɗaya kuncin, sannan wuya. Haɓa da gashin baki su ne na ƙarshe. Kusurwa: a kwantar da aska a fata, a ɗaga bayan kamar kaurinsa sau ɗaya ko biyu, kada a wuce digiri 30. In an miƙe ta da yawa kankara take yi, ta ci fata, ta kuma kashe kaifi. Ɗayan hannun yana jan fata ta bayan aska. Sara gajere-gajere, nauyin askar ya isa. Aska ba ta tafiya a tsawon bakinta, wato gefe-gefe, a nan ake samun yanka mai zurfi. Ba a kuma ɗora ta a fuska a tsaya tunani. In ta suɓuce daga hannu, a ja da baya a bar ta ta faɗi.

Ya samu ƙananan yanka, yawanci a kusurwar muƙamuƙi da ƙasan leɓe. Dunƙulen alif da aka jiƙa yana tsayar da su, yana kuma faɗa wa mutum inda ya danna, don a nan yake fi zafi. Wanda ke shan maganin hana daskarewar jini, irin warfarin, ya tambayi likitansa kafin ya fara wannan harka.

Bayan aski yana goge askar da tsumma ta bushe ƙarau, ya kula kada ruwa ya shiga wurin ƙusar da take juyawa a kai, ya bar ta a buɗe ta sha iska, ya ajiye ta nesa da ɗakin wanka da hannun yara. Ƙarfen kabon, irin na wannan aska, yana iya fara tsatsa a dare ɗaya. In zai yi kwanaki bai taɓa ta ba, ɗigon man keken ɗinki ya isa.

Ƙurajen

A nan sakamakon bai zo yadda ya yi fata ba. Ƙurajen aski suna fitowa ne idan gashi mai murɗewa, da aka yanke shi da tsini, ya lanƙwaso ya soki fata, ko ya kasa fitowa daga raminsa. Reza mai baki da yawa tana ƙara abin, domin bakin farko yana jawo gashi na biyu ya yanke shi, ya koma ƙasa da fata. Baki ɗaya ba ya yin haka. A makonnin da yake aske sau ɗaya yana bin kwanciyar gashi, ƙurajen sun ragu sosai.

Da hannunsa ya faɗa, sai ya fara kwaɗayin fuska sumul. Ya ja fatar wuya da ƙarfi, ya aske yana saɓa wa kwanciyar gashi. Ƙurajen suka dawo, har suka fi na da. Jan fata da ƙarfi yana fito da gashi, a yanke shi, in an saki ya nutse, wato abin da rezar ke yi masa shi ya yi wa kansa da aska. Ya huta da askin wuya har wurin ya lafa, ya bar gashin ya toho na kwanaki ya shafa ya gano inda yake kwanciya (a ƙarƙashin haɓarsa ashe gefe yake bi, ba ƙasa ba), ya koma sau ɗaya, ba ja sosai. Wanda ƙurajensa suke yin ruwa ko suke barin tabo mai tudu, aska ba maganinsa ba ce. Likitocin fata sukan ce a dakatar da aski na wani lokaci, ko a yi amfani da injin da ke barin gashi kamar milimita ɗaya.

Lissafi, da inda ake yanzu

Idan aka haɗa kuɗin kwalin da na biyun, ya kashe kusan ninki biyu na abin da ya yi niyya. Da tun farko ya raba kuɗin nan: fiye da rabi ga tsohuwar aska wasasshiya, kwata ga fata, ragowar ga sabulu, burushin roba da alif, da sun ishe shi, kuma da bai sayi dutse ko ɗaya ba.

Ko aska ce hanya mafi arha? A ganina a'a. Tsohuwar rezar ƙarfe mai ɗaukar reza guda mai baki biyu ta fi ta sauƙin kuɗi da sauƙin koyo, kuma ita ma baki ɗaya ke taɓa fata. Na faɗa masa haka. Aska tana biyan kuɗinta ne a cikin shekaru, da sharaɗin mutum ya tsaya a kan ɗaya ko biyu, abin da masu wannan sha'awa ba su cika iyawa ba. Tana kuma cin lokaci: askin da yake yi a minti biyar da reza, a farko rabin awa yake ɗauka, yanzu ya dawo wajen kwata. Ranar da ya makara, ko zai hau jirgin sama da jakar hannu kaɗai, inda ba a barin aska ta shiga, reza yake ɗauka.

Cikin wata na uku askar ta fara ɗan ja a haɓa, kuma wannan karon ya gane da kansa cewa kaifi ne ya sauka. Ya samu ɗan katakon balsa miƙaƙƙe, ya shafa masa koren sinadarin kuromiyam mai laushin rabin maikiron (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ya ja askar a kai sau goma bayan yana gaba, ya goge, ya kai ta fata. Ta dawo. Wannan dabarar za ta yi masa sau da dama kafin bakin ya yi kumburin da sai dutse. Idan lokacin ya zo, zaɓi biyu ne a gabansa: ya mayar wa mai washin ya biya lada, ko ya sayi ledar washi, wadda ake jiƙawa a manna a kan gilashi mai kauri, daga mai maikiron 12 zuwa mai 1, a kuɗin da bai kai na dutse ɗaya ba. Ya ce ledar yake so ya gwada. Na ce ya bari sai ya samu aska ta biyu wasasshiya ya ajiye gefe, don ya riƙa gwada aikin hannunsa da ita.